Kafin Ki Haɗa Kifaye a Gilashi Ɗaya

Ƙarshen damina, idan Gulbin Zamfara ya fara janyewa daga fadamun Anka da Bukkuyum da Gummi, kusan kowace uwa a yankinmu ta san abin da ke biyo baya. Yaro zai shigo da gudu, wando a jiƙe, da gorar roba a hannu, 'yan kifaye huɗu na wutsil-wutsil a ciki. A juye su a baho, a marmasa musu tuwo, a kwanta. Da safe a tarar da guda ɗaya tal, cikinsa ya yi tulu, yaro kuma ya ƙi karyawa. Sai a ɗora wa kyanwa laifi. 'Yar'uwa, sau da yawa kyanwa ba ta san zancen ba. Abokin kwanansu ne ya yi aikin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma shekara uku ke nan ina da akwatin gilashi na kifi a falona, mai cin lita 120, wanda wani mai yankan gilashi ya haɗa mini a Gusau. Idan na dawo daga aikin dare, zama a gabansa na minti goma yana sauke mini gajiya fiye da shayi. Saboda shi ƙawaye ke yawan turo mini bidiyon wasu kifayen ado da ake kira loach, suna tambaya ko za a iya sayen iri-iri a zuba wuri ɗaya.

Waɗannan kifaye yawancinsu 'yan Asiya ne da Turai, masu zama a ƙasan ruwa, da 'yan gashin baki da suke laluben abinci da su. Sunansu ɗaya, halinsu ya sha bamban. Mai ratsin baƙi da ruwan goro, clown loach, daga kogunan Indonesiya yake. Ana sayar da shi kamar ɗan yatsa, amma yana iya kai santimita 30, ya shekara 20, kuma ba ya sakewa sai cikin 'yan'uwansa biyar ko fiye. Kuhli siriri ne kamar tana, bai cika wuce santimita 10 ba, wuni yake a ɓoye sai dare ya fito. Dojo kuwa, na Sin da Japan, ruwa mai sanyi yake so, zafinmu na watan Afrilu azaba ne a gare shi. Ki haɗa ukun nan a ƙaramin gilashi, babban ya cinye abincin ƙaramin, na ukun zafi ya galabaitar da shi, kuɗinki ya bi ruwa.

Abin da nake faɗa musu shi ne, muna da namu a gulbi. Kurungu ma ɗan ƙasan ruwa ne mai gashin baki, wani irinsa har rigingine yake ninƙaya, kuma ya saba da zafinmu. Dokar haɗa shi da wasu na same ta wurin wani tsohon masunci a Gummi. Na ce masa, "Baba, waɗanne kifaye ne za su zauna lafiya tare?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, duba bakinai. Duk abin da ka iya shiga bakin kifi, abinci na."

Da wannan ma'auni tarwaɗa ta fita daga lissafi. Girma take da sauri, bakinta da faɗi, ko 'yan'uwanta ba ta bari, shi ya sa masu kiwonta ke ware manya da ƙanana a kai a kai. Gaiwa, wadda ke kwana cikin laka duk rani, cizo gare ta mai ƙarfi, sai dai ta zauna ita kaɗai. Minjirya kuwa kada ma ta shigo gidan da ke da yara, don babbarta na sakin wutar da ta fi ta soket ɗin bangonki.

A nawa gilashin kurungu uku ne a ƙasa, da 'yan karfasa biyu masu girma ɗaya a tsakiyar ruwa. Kowane kurungu na ba shi maɓoyarsa da ɓarin tsohon tulu, domin faɗansu kusan duk a kan ɗaki ne, kamar dai yadda kika sani. Karfasa ina ba su abinci da rana, kurungu bayan isha'i idan an kashe fitila, kuma abin da za su cinye cikin minti biyu kawai. Duk mako ina kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba sabo. Sabon kifi sai ya yi mako biyu a baho daban, kamar yadda muke keɓe mai ƙyanda a asibiti. Karfasa idan ta kai tafin hannu ta fara haƙa rami tana korar kowa, to tukunya ce makomarta.

Saura abin da ya fi kifin muhimmanci, wato yaron da ke tsoma hannu a ruwan. Mu nan ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, likitocin MSF kuma suka shafe shekaru suna yi wa yara magani. Don haka kada ki yarda a ɗebo miki yashi ko tsakuwa daga kusa da inda ake niƙa ko wankin zinare, komai ƙyallinsu. Dalma ba ta da wari, ba ta da launi a ruwa, kuma babu adadinta da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Idan ba ki san asalin yashi ba, bar ƙasan gilashin haka nan.

Na biyu, ruwan gulbi da dodon-koɗinsa. A jikin waɗannan ƙananan dodon-koɗi tsutsar tsargiya ke girma, ta fito ta huda fatar mai wasa da ruwa. Ki zubar da ruwan da yaro ya kawo, ki tsince duk dodon-koɗi, ki sa ruwan rijiya ko na burtsatse da ya kwana biyu a rufe. Idan kika ga jini a ƙarshen fitsarin yaro, ba alamar balaga ba ce. Ki kai shi asibiti, maganin praziquantel yana warkar da ita.

Na uku, mai rarrafe. Ruwan da bai kai rabin bokiti ba ya isa ya halaka shi, kuma ba za ki ji ko kuka ba. Gilashi ya hau tebur mai ƙarfi da murfi, wayar famfon iska ta bi ta sama, bokitin canjin ruwa kuma a kife shi da an gama. Ki koya wa manyan kama kurungu da kofi, don ƙayarsa idan ta soki yatsa zogi take, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Kada wannan ya sa ki hana yaro kifinsa. Nawa ɗan shekara takwas yanzu shi ke tuna mini ranar canjin ruwa, ya kuma san kowane kurungu da ɗakinsa. Ki fara da iri ɗaya, ƙanana uku, ki ga yadda za su kai rani. Idan sun kai, sai ki yi tunanin kawo musu baƙo. Allah Ya raya mana zuri'a.