Maratayin Zomo

Kafin in cika shekara goma na iya kashe tarwaɗa. Danne ta za ka yi da ƙafa a cikin kwale-kwale, ka ɗauki ɗan kulki ka ƙwala mata a ka, sau biyu in mai taurin rai ce. Ba ruwanka da alƙibla, ba ruwanka da wuƙa. Shari'a ba ta ɗora wa kifi yanka ba, shi kuma ba ya kuka, idonsa a buɗe yake ko da rai ko babu. Warangi kuwa, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake janyowa da taru a baza a rana, wa ya taɓa ƙirga rayukansu? Da mudu ake auna su. A irin wannan gida na tashi, inda rai ke fita kwando-kwando kowace safiya, kuma ban taɓa rasa barci a kan haka ba.

Kakana haifaffen gungu ne, cikin tsibiran da ruwa ya haɗiye a 1968 da aka kammala madatsar Kainji, aka kwashe mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Tsararsa sun yi farautar dorina da mashi daga cikin jirgi. Babana ya yi su tsakanin Wara da Yelwa har gwiwa ta ƙi. Ni aka kai boko, na zama malamin makaranta a Yelwa, mai hannu kamar na jariri in ji gwaggona.

Talauci ne ya haɗa ni da zomo, ba sha'awa ba. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, man injin jirgi ya yi tsada, kifi ya bi shi, har ta kai a garin da ke kwance a bakin tafki sai ka tsaya kana taya ƙarfasa kamar mai sayen akuya. Naman miya ya koma tsoka huɗu, mu bakwai a gida. Albashi yana nan inda yake. Sai na zauna da biro da takarda, halinmu na malamai. Zomanya tana ɗaukar ciki kwana 31, ta haifi shida ko bakwai, wani lokaci fiye. A wata huɗu zuwa biyar ɗan ya isa tukunya. Abincinsu harawa ce da ganyen dankali da ɗan dusa, abin da mai gonar fadama ke ba ka kyauta in kuna gaisawa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne zomo ɗaya miyar yini ɗaya ce, babu saura balle a nemi inda za a ajiye. Mu da aka tashi kakanninmu saboda lantarki, firijin gidana ya fi shekara yana aikin kabad. Kejin zomo shi ne firijin talaka: naman yana nan da ransa, yana cin ciyawa har ranar da ka buƙace shi. Ashe ma Ghana ta yi wannan lissafi tun a shekarun 1970, zamanin mulkin Acheampong, da ta kafa shirin kiwon zomaye na ƙasa don mutane su ciyar da kansu.

Na lissafa katako da waya da ƙusa, na lissafa maganin ƙazwa. Abu ɗaya ne bai shiga takardar ba: wa zai riƙe wuƙa.

Mata biyu da namiji ɗaya na fara da su, cikin damina. Mai sayarwa ya ce jininsu daga Shika yake, cibiyar binciken dabbobin nan ta Jami'ar Ahmadu Bello. Haihuwar farko ta sa ni tsugunawa gaban keji kamar yaro. Uwar ta tsittsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa, ga 'ya'ya tsirara, jajaye, ido a rufe, kai ka ce ɓeraye ne. Kwana goma idanu suka buɗe. Sati uku suka fara fitowa suna tattauna ganye da ɗan bakin nan da ba ya hutawa. Yara suka raɗa wa kowane suna. Ban hana ba, kuma wannan ne kuskurena na farko.

Da lokacin yanka ya yi, sai na ga ashe ina da uzuri iri-iri. Yau wuƙar gidan ba ta da kaifi. Gobe ina sauri zan tafi makaranta. Akwai wani dattijon mahauci a layinmu, wanda ya bar fawa saboda tsufa amma bai bar wasa wuƙarsa ba. Sai in sa zomo a kwando in rufe da buhu in kai masa, in tsaya a ƙofar zaure ina duba waya, kamar akwai saƙon gaggawa. Ya miƙo mini feɗaɗɗe, in bar masa kai da fata, in dawo gida ina taƙama na ciyar da iyalina da guminmu. Wata da watanni muna haka. Ko kaza, da na tuna, ban taɓa yankawa ba. Almajiri ake kira. Ragon layya kuwa liman. Na kai shekara arba'in ina cin abin da wasu suka kashe mini, ban taɓa lura ba.

Sai ga zafin azumin 2024. Wanda ya san ƙasarmu ta Yawuri a Maris da Afrilu ya san ma'auni na haura 40, ga tururin tafki a kai. Zomo ba ya gumi, da kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma in rana ta wuce kima sai ya miƙe yana haki har ya tafi. Biyar na rasa a sati guda. Na koma jiƙa buhuna ina rataya wa keji, na fasa tsohuwar randa na sa musu ɓarin a ciki su kwanta a kan sanyinsa. Akwai wani ɗan namiji mai ruwan toka, yara suna ce masa Toka, da na tarar ya riga ya saki wuya. Da bakin azumi na zauna da shi a cinya, ina shafa masa ruwa a kunne da yatsa, har la'asar sakaliya. Ya tashi. Daga ranar in na doso keji shi ke fara miƙewa da ƙafa biyu.

Amma namiji ne, kuma keji ba ya ɗaukar maza biyu. In sun balaga cizon juna suke yi har jini. Ranarsa tana zuwa ko na so ko ban so ba.

Ta zo bayan ƙaramar salla, ranar da Baba ya zo daga Wara tare da gwaggo, ba sanarwa. Na aika gidan dattijon aka ce ya tafi jana'iza ƙauye. Uwargida ta riga ta jajjaga kayan miya. Ta ce, "Malam, baƙi fa na jira." Baba yana zaune kan tabarma a tsakar gida, yana kallona. Ina zan ce ban iya ba?

Na ɗauko wuƙar kicin na goga ta sau biyu a bakin turmi. Na kamo Toka, bai ko yi gardama ba, don ya saba da hannuna. Na kai shi bayan ɗaki, na kwantar da shi, na yi bisimilla. Ban san gashin wuyan zomo yana da kauri haka ba, kuma fatar tana zamewa ƙarƙashin wuƙa. Jan farko bai shiga yadda ya kamata ba. Sai ya yi ƙara.

Mutane da yawa ba su san zomo yana da murya ba. Kusan shekara guda ina tare da su ban taɓa jin ko tari ba. Ƙarar kamar ta jinjiri ce da aka taka, siririya, mai shiga ƙashi. Na sake ja a firgice, jini ya fito, sai hannuna ya mutu. Na ɗaga wuƙar. Na sake shi. Ya ja jiki ya shige ƙarƙashin tarin itace, yana barin jan layi a ƙasa, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Ban san iya mintocin da aka ɗauka ana janye itace ba. Baba ne, da gwiwarsa mai ciwo, ya durƙusa ya zaro shi ya ƙarasa.

Aka tambayi malamin unguwa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ana yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ne ta gaba, ba tare da ɗage hannu ba sai an gama. Wanda ya ɗage ya koma nan take, akwai sauƙi a maganarsa. Amma ni na riga na yi masa raunin da ba zai rayu ba, sannan aka daɗe kafin a ƙarasa. Mushe ne. Na haƙa rami bayan gida na binne shi. Baƙi suka ci tuwo da miyar busasshen kifi. Gwaggo ta ce, "Oh ni! Jikan masu kashe dorina, zomo ya kayar da shi." Aka yi dariya, har da ni. Baba bai yi ba. Da zai tafi, a tasha, ya ce mini a hankali, "Kai, ni ma wannan ne na biyu a rayuwata. Mu mutanen ruwa ne." Bai ƙara ba, ban tambaya ba.

Sati biyu ban iya kallon kejin sosai ba. Na yi tunanin sayar da su duka. Da dare na riƙa duba YouTube ina neman wata hanya mai sauƙi. Turawa masu kiwo a bayan gida sukan buge shi a ƙeya ko su karya wuyan kafin su zubar da jini, wai don kada ya ji. To mu abin da duka ya kashe haramun ne, yana nan a aya ta uku ta Suratul Ma'ida. Na ga kuma ba ni kaɗai ke wannan fama ba. A Ingila zomo abincin talaka ne a da, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu, sai cutar da ta faɗa wa zomayen dajinsu a 1953 ta sa mutane ƙyamarsa, yau ya koma ɗan lelen yara. A Italiya da Faransa har gobe ana ci, a Masar da miyar lalo suke haɗa shi. Halaccinsa bai taɓa zama abin shakka gare ni ba: sananne ne Anas ɗan Malik ya kamo zomo, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Annabi (SAW) da cinyarsa, ya karɓa. Matsalar ba ta littafi ba ce.

Na je wurin dattijon na ba shi labari, ina sa ran zai ce ai tausayi alheri ne. Ya saurara yana goga wuƙa a tafin hannu.

Ya ce, "Malam, ka ce tausayinsa ka ji?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"A'a. Kanka ka tausaya wa. Da shi ka tausaya wa, da ka danna wuƙar. Ni a hannuna kafin ka ƙifta ido ya tafi. Kai mai tausayi ka sa shi ya ɗanɗani mutuwa sau uku."

Ban sami abin cewa ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka san zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wata nawa kana rataye mini su a kwando kana tsayawa a zaure?"

Na sha faɗa wa ɗalibai wannan karin magana a aji, ina fassara musu da cewa mai yayata abu ya fi mai aikata shi ɓata rai. Ban taɓa zaton ni ne a cikinta ba. Ni ke ciyar da su, ni suka sani, ƙamshin hannuna ne ke sa su kwanta lamo a kwando. Dattijon baƙo ne a wurinsu. Wanda suka yarda da shi shi ke ɗaukar su ya kai, sannan ya juya baya yana duba waya don kada ransa ya ɓaci. Ina so in ci nama, ina kuma so in ci gaba da ganin kaina mutumin da ba ya zubar da jini. Wannan ba taushin zuciya ba ne, son banza ne.

Ya koya mini a kan zomaye uku. Wuƙa daban za ka ware, ba ta yanka albasa ba, ka wasa ta tun dare, nesa da keji, har sai ta aske gashin hannunka. Kada ka ɗaga zomo da kunne, zafi yake ji. Fatar kafaɗa za ka kama ka tallabi ƙugunsa. Ka naɗe jikinsa a buhu har ƙafafu, kai kaɗai a waje, don shure-shurensa na iya karya masa baya tun kafin wuƙa. Ka jiƙa yatsa ka raba gashin wuya har ka ga fata. Kada 'yan'uwansa su gani. Ya ce duk wannan ba dabarar mahauta ba ce kawai, umarnin Annabi ne a kyautata yanka, a kaifafa wuƙa, a hutar da dabba. Sannan ya kama wuyan hannuna ya ce, "In ka ce Allahu akbar, hannun nan ba naka ba ne sai an gama. Kukan ka yi shi daga baya."

Na farko ya riƙe hannuna muka ja tare. Na biyu ya tsaya a kaina. Na uku ya zauna a zaure, ya ce shi ma yau zai duba waya, alhali ko wayar ba shi da ita.

Yanzu zomayena sun haura talatin, ina sayar wa masu farfesu da 'yan'uwana malamai. Na kafa doka a gida: uwaye za a iya sa musu suna, maza ba a sa musu. 'Yata ta tsakiya, wadda ta yi wata biyu ba ta taɓa naman ba bayan Toka, tana karya dokar a ɓoye. Ina jin ta da yamma tana kiran su ƙasa-ƙasa, ina yin kamar ban ji ba. Uwargida kuwa da ta ji malam ya ce yankan mace ya halatta, al'ada ce kawai ta hana, ta ce da an faɗa mata tun farko da ba a yi asarar miya ba. Ina ganin da gaske take.

Bayan sallar asuba nake yi, kafin yara su tashi, a gefen da na binne Toka. Hannuna ya daina rawa. Ba su ƙara yin ƙara ba, ko sau ɗaya. In na gama nakan ɗan zauna har jikin ya daina motsi, ɗuminsa yana ratsa buhun zuwa cinyata, sannan in rataye in feɗe. Abin da har yau ban iya ba shi ne cin na ranar. In ya kwana aka ɗumama, ina ci har in tauna ƙashi. Amma duk ranar da na yi yanka, uwargida kan aiki yaro bakin ruwa ya sayo ƙarfasa ɗaya, ta soya, ta ajiye mini a gefen kwanon tuwo. Ba mu taɓa yin zancen ba.