Tsuntsayen Gonakin Kontagora: Wane Ne Ɓarawo, Wane Ne Mai Gadi?

Duk matafiyin da ya bar garin Kontagora da kaka ya miƙi hanyar Yawuri, tun bai yi nisa ba zai fara jin ƙarar gwangwanaye da ihun yara daga cikin gonakin dawa. Waɗannan su ne masu korar tsuntsu, kowanne da majajjawa ko danƙo a hannu. Wannan ƙasa, wadda Umaru Nagwamatse ya kafa birninta a 1864, ƙasar noma ce ta Hausawa da Kambari da Dukawa da Fulani, ga kaɗanya da ɗorawa barjat a gonaki, ga fadamun shinkafa. Saboda haka tsuntsaye ba sa yankewa, kuma tilas manomi ya san mai cin hatsinsa da mai cin ƙwarin da ke cin hatsin.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne jan-baki. Ƙarami ne, nauyinsa kimanin giram 20, jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa da zane-zane kamar na gwara, sai dai bakinsa ja ne kakkaura. Lokacin ƙyanƙyasa fuskar yawancin mazan takan yi baƙi, bakin ta-macen kuwa ya koma rawaya, har mai kallo ya zaci wasu tsuntsaye ne dabam. Amma tun daga nesa ana gane su da tashinsu, domin dubbai suke tafiya tare, suna murɗawa kamar hayaƙi. Asalin abincinsu 'ya'yan ciyawar daji ne, in ya yi ƙaranci sai su auka wa gero da dawa da shinkafa. Ɓarnarsu ta fi tsanani a jihohin Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Barno, inda har da jirgin sama akan yi musu feshi. To, Kebbi kuwa maƙwabciyar ƙasar Kontagora ce, tsuntsu kuma bai san kan iyaka ba.

A nan ne rikicin yake. Mulufi, wanda namijinsa kan yi ado da ja wur da baƙi wuluk da damina, yana kumbura gashi a kan karan dawa, da rani tuɓe wannan ado yake yi ya koma ruwan ƙasa kamar matarsa. Haka ma gado mai saƙa sheƙa a rassan itatuwa: namiji rawaya ne da baƙin kai da jan ido, amma ta-mace ba ta da wannan kwalliya. Dukansu suna taɓa hatsi, amma kuma da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, kuma taronsu bai kai na jan-baki ba. Yaron da ya ƙware baki yake fara dubawa kafin ya kai wa ubansa labari.

Shamuwa kuwa ba mai jifanta. Doguwa ce baƙa mai farin ciki, gwiwoyinta da yatsunta ja. Tana isowa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin ƙauye, da kaka kuma ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka. Manoma na ɗaukar zuwanta albishirin damina, amma babban aikinta shi ne cin fara da tsutsa. Abokiyar aikinta balbela, fara tas mai rawayan baki, ita ce ke bin shanun Fulani da garmar manomi tana tsince abin da suka tono. Cilakowa ma, mai lanƙwasasshen baki da doguwar wutsiya, ƙwari ne rabin cimarta. Abin takaici, maganin da akan zuba wa gona ba tare da lura ba ba ya tantance waɗannan da jan-baki, domin farar da ta sha guba ita ce shamuwa za ta haɗiye.

Fakara da zabon daji ba su buƙatar dogon bayani, maharba sun san su sarai, manomi ma ya san su da tonon iri ranar shuka. Wanda ya yi wuyar gani yanzu shi ne burtu, baƙin ƙaton nan mai tafiya a ƙasa, wanda maharba kan ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji. Yana son fili mai manyan itatuwa masu kogo don yin sheƙa, gatari da gawayi kuwa sun ci yawancinsu. Mai son ganinsa sai ya nufi kudu maso yamma wajen dajin Zugurma, wanda ke cikin gandun dajin Kainji, ya kuma yi sammako, don da asuba ne yake kukan nan nasa mai kama da ganga.