Takobin Ado Da Haƙƙinsa

Kowane ɗan Adam da irin abin da ransa ke ƙawa. Wani tattabaru yake kiwo, wani tsofaffin kuɗi yake tarawa, wani kuwa littattafai. Ni tawa jarabar ita ce takubban ado irin na Japan, musamman waɗanda aka yi wa ruwansu launi. Guda biyu gare ni, ɗaya shuɗi ɗaya baƙi, kuma sai da na yi tanadin wata da watanni kafin na mallaki kowanne. Da yake ni jikan maƙera ne, 'yan'uwana sukan yi mini ba'a, su ce jinin maƙeri ya ɓige da sayen ƙarfen da ko kabewa ba ya yankawa. Wannan ba'a ce ta sa na ga ya dace in bayyana abin da na fahimta game da zaɓen irin wannan takobi da kuma kula da shi.

Abu na farko da ya wajaba mai sha'awa ya sani shi ne, takobin Japan na asali ba a yi masa launi. Wanda suke kira katana kaifi ɗaya gare shi, yana da 'yar lanƙwasa, kuma tsawon ruwansa ya haura santimita 60. Ana ƙera shi da wani ƙarfe mai suna tamahagane, wanda ake narkarwa daga baƙin yashi mai tama a cikin murhun yumɓu da ake ce wa tatara, ana zuba yashi da gawayi kwana 3 dare da rana ba a tsayawa. Akwai irin wannan murhu a Okuizumo cikin lardin Shimane, wanda aka farfaɗo da aikinsa a 1977. Maƙeri zai yi ta dukan ƙarfen yana ninke shi, sa'an nan ya shafe ruwan takobin da yumɓu, mai kauri a gadon baya, siriri a wajen kaifi, ya gasa shi ya tsoma a ruwa. Wajen kaifi ya fi saurin hucewa, saboda haka ya fi tauri, sai wani farin zane mai kama da igiyar ruwa ya bayyana a tsakanin sassan biyu. Wannan zane shi ne hamon, kuma shi masana suke duba. Wato adon takobin asali daga cikin jikinsa yake fitowa.

Irin wannan takobi ba ya samuwa a banza. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana samurai yawo da takobi, bayan yaƙin duniya na biyu kuma, a 1945, sojojin Amurka suka tattara takubba masu yawa suka hana ƙira, ba a sake ba da izini ba sai a 1953. A yau sai mutum ya yi aƙalla shekara 5 a ƙarƙashin wani gwani kafin a ba shi lasisi, kuma ba ya wuce dogayen takubba 2 a wata. To, mai karatu zai iya ƙiyasta kuɗin abin da ya fito daga irin wannan hannu. Masu launin nan da ake tallarsu a intanet, akasarinsu daga masana'antun ƙasar Sin suke fitowa, musamman garin Longquan na lardin Zhejiang. Su kansu mutanen Japan suna yin na kwaikwayo, alal misali a garin Seki na lardin Gifu, amma da haɗin tutiya da alminiyom, wanda ba ya ɗaukar kaifi ko an wasa shi.

Shi launin ta hanyoyi daban-daban ake samar da shi. Akwai wanda fenti ne kawai, shi ne mafi araha kuma mafi saurin ɓarewa. Akwai wanda ake lulluɓe ƙarfen da wani siririn sinadari a masana'anta, ya fito baƙi ko ruwan zinariya. Akwai kuma wanda wuta ce ke fito da shi, kuma wannan na san shi tun ina yaro a maƙerar kakana. Idan aka goge ƙarfe ya yi fari aka kara shi a wuta, a wajen digiri 230 zai yi launin busasshiyar ciyawa, a wajen 280 ya koma shunayya, a wajen 300 ya zama shuɗi. Kakana bai san waɗannan lambobi ba, amma da launin yake gane lokacin janye wuƙa daga garwashi. Idan ya ga ta kai shuɗi, ya san kaifinta ya fara laushi. Ashe abin da yake gargaɗi a wurin maƙeri shi ne ya zama ado a wurin ɗan kasuwa. Ko ta wace hanya aka bi, launin bai kai kaurin fatar albasa ba, kuma wannan shi ne tushen duk wata kulawa.

Wajen zaɓe, ni ba launi nake fara dubawa ba, gindi nake nema. A takobin kirki, ƙarfen ruwan ne da kansa yake zarcewa cikin mariƙi da faɗinsa, a soke shi da ɗan turken gora da ake kira mekugi. A na banza kuwa, wani siririn ƙarfe kamar wutsiyar ɓera ake liƙa wa ruwan da walda, kuma idan aka wulwula shi yana iya tsinkewa, ruwan ya fita kamar mashi ya sami wanda ke kusa. Araha ba ta ado, wani lokaci ma jini take jawowa. Bayan gindi sai irin ƙarfen. Lambobin da 'yan kasuwa ke rubutawa, 1045 ko 1060 ko 1095, suna nuna yawan kabon ne, wato kusan kashi 0.45 zuwa 0.95 cikin 100, kuma duk cikinsu babu wanda ba ya tsatsa. Ga wanda ado kawai yake nufi, ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi sauƙin riƙo, muddin ya san yana da gautsi, ba a sara da shi. Ni dai dakusasshe nake zaɓa, domin gidan da yara ke kai da kawowa ba ya bukatar kaifi a jikin bango.

Kulawa kuwa ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Ba a taɓa ruwan takobi da hannu, domin gishirin gumi yana barin tabo. Ana share shi da tsumma mai laushi, a shafa masa mai kaɗan. Mutanen Japan suna amfani da man choji, wato farin mai da aka ɗiga wa man kanumfari, amma man keken ɗinki ma yana biyan bukata. Akwai wata hoda mai suna uchiko da takan zo cikin akwatin kayan gyara. Garin dutsen wasa ƙarfe ce, don haka duk wanda ya buga ta a ruwa mai launi yana kankare launin ne da hannunsa. Nan kudancin ƙasar nan, inda damina ke da tsawo kuma iska ke da laima, nakan sabunta man duk wata. Idan hunturu ya kama kuma, katakon kube yakan bushe ya saki, ƙura ta shiga ciki tana karce launin duk lokacin da aka zare, sai in rage zarewa. A kan maɗori, kaifi sama yake kallo don kada ya ci kube, mariƙi kuma yana hagu, wanda a al'adarsu alama ce ta cewa mai gida ba faɗa yake nema ba.

Haƙƙi na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi, wato a kira takobin da sunansa. Baƙi sukan tambaye ni ko na samurai ne, kuma nakan ga a fuskarsu cewa so suke in ce i. Amsata ita ce, a masana'anta aka yi shi, don ado aka yi shi, bai taɓa ganin tatara ba. Na ga ɗalibin da ya ba da kuɗin abincinsa na zango guda saboda wani dillali ya ce masa takobin mayaƙa ne, alhali zanen da ke kaifinsa da buroshin waya aka goga shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma zalunci ne a sayar wa mutum rariya a ce masa tulu ne. Wanda ya san abin da ya saya, ya kuma riƙe shi da mai da tsumma da gaskiya, zai daɗe yana jin daɗin kallonsa.