Lokacin da Jan Gilashi ke Baƙanta Sama

Masu ɗaukar hoton duwatsu da dazuzzuka na zamanin da ba su taɓa ganin duniya baƙi da fari ba. Yadda muke ganin ta da launukanta, haka suka gan ta. Fim ɗinsu ne ba ya riƙe launi, don haka tun fil azal aikinsu shi ne su san irin duhu ko hasken da kowane launi zai koma. Abin da ake yi yau a kwamfuta da waya shi suke yi, sai dai su a gaban dutsen suke yanke shawara, kuma da zarar an danna, bakin alƙalami ya bushe.

Sararin sama ne ya fara ba su wahala. Sinadaran farko suna kama shuɗi fiye da kima, ja kuwa da ƙyar suke jin sa. Sai sama ta fito fari fat, gajimare ya ɓace a ciki. A shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yakan ɗauki teku a farantin hoto ɗaya, sama a wani, sannan ya haɗa su wajen wanki. Sai a 1906 kamfanin Wratten da Wainwright na Ingila ya fara sayar da farantai masu jin dukkan launuka, daga nan gilasan launi da ake ɗaurawa a bakin kyamara suka sami cikakken amfani. Ƙa'idarsu ɗaya ce: gilashi yana haskaka launinsa, yana duhunta kishiyarsa. Rawaya kan ɗan rage hasken sama har gajimare ya bayyana, kore kan buɗe ganye, ja kuma ya mayar da shuɗin sama kusan baƙi, ya kuma keta hazo.

A watan Afrilun 1927 mai ɗaukar hoto Ansel Adams, yana ɗan shekara 25, ya hau wani tsauni a Yosemite ta jihar Kalifoniya a Amurka, ɗauke da ƙatuwar kyamara da farantan gilashi, don ya fuskanci dutsen Half Dome. Ko da ya isa inda yake so, faranti biyu suka rage masa. Ya ɗauki na farko da gilashi rawaya, kamar yadda kowa ke yi. Sai ya tsaya ya yi tunani: hoton zai nuna dutsen yadda yake, amma nauyin da dutsen ya ɗora masa a zuciya ba zai fito ba. Ya cire rawayan, ya sa ja mai duhu, ya buɗe kyamarar na daƙiƙa 5. Sama ta fito baƙi ƙirin, fuskar dutsen ta miƙe da kwarjini, dusar ƙanƙara tana walƙiya a gefe. Ya ga hoton a ransa kafin ya wanzu, kuma a kan wannan ya gina sauran rayuwarsa. Wajen 1940 shi da wani mai hoto, Fred Archer, suka tsara hanyar raba haske hawa-hawa, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, don mai hoto ya san matsayin kowane yanki tun bai danna ba.

Sauran aikin a ɗakin wanki yake, cikin duhu. A haska dodon hoton a kan takarda, mutum ya tare hasken da tafin hannu ko da ɗan kwali a bakin waya inda yake son wuri ya yi haske, ya ƙara wa wani wurin lokaci don ya yi duhu. Hoton fitowar wata da Adams ya ɗauka a ƙauyen Hernandez a 1941, shekara da shekaru yana sake buga shi, saman tana ƙara duhu a bugun baya-baya. Fim mai kala na Kodachrome ya fito tun 1935, Adams ma ya yi aiki da shi, amma bai saki jiki da shi ba, saboda ba ya ba shi irin wannan iko.

Kyamarar dijital ta juya tsarin gaba ɗaya. Tana ajiye ja da kore da shuɗi daban-daban, wato duk gilasan nan suna cikin hoton, sai an dawo gida a zaɓa. Manhajar Photoshop ta kawo hanyar cakuɗa launukan uku a 1998, a 2007 kuma ta ƙara wata mai maɓallin ja-da-baya shida. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na cikin masu raina shi. Wanda ba zai taɓa mallakar ɗakin wanki ba yanzu yana iya gwada gilashi goma a hoto guda.

Abin da ke damuna shi ne sanin da ya bi ruwa. Mutum ya ɗauki jar ƙasa da korayen bishiyoyi bayan ruwan sama, ya danna maɓalli ɗaya ya zare launi, sai ya ga komai ya dagule ya zama toka. Dalili kuwa, jan da koren haskensu kusan ɗaya ne, launi kaɗai ya raba su. Tsohon mai hoto ya san haka tun yana tsaye a wurin, zai zaɓi wanda zai ɗaga da wanda zai danne. Wasu kuma sun wuce gona da iri: kowace sama sai sun baƙanta ta irin ta Adams, har wani farin zare ya bi gefen dutse, sama ta cika da ƙuraje. Shi kuwa da dalili ya yi, a hoton da ya nemi haka.

A 2012 kamfanin Leica ya fitar da kyamarar dijital da ba ta ganin launi sam, mai ita dole ya koma ɗaura gilashi. Tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu. Amma kyamarori da dama suna barin mutum ya sa allonsu ya nuna baƙi da fari, alhali ainihin fayil ɗin yana riƙe da launukansa. Masu yin haka tun a fili suke gane hoton da zai tsaya da ƙafarsa ba launi, su kuma bar wa faɗuwar rana launinta.