Hoton Shugaban Makaranta a Jikin Katako

Sassaƙa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Da gizago masassaƙi yake fitar da turmi da akushi da allo, idonsa kuma shi ne ma'auninsa. A yau an sami na'urar da ake kira CNC, wadda kwamfuta ke sarrafawa. Asalinta daga Amurka ne, inda aka nuna irinta ta farko a jami'ar MIT a shekarar 1952. Bakinta yana tafiya ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa.

Wani matashi, ɗan gidan masassaƙa, ya sayi ƙaramar irin wannan na'ura da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Bai cika wata biyu da ita ba sai malaman wata firamare suka kawo masa hoton shugabansu da zai yi ritaya. Suna so a sassaƙa shi a katako, bikin kuwa saura kwana huɗu. Ya karɓi kuɗin aiki, ya sayi katako biyu.

Kwamfuta takan mai da hoto baƙi da fari, sannan ta raba shi layi-layi. Bakin yankan yana da tsini mai siffar V, galibi digiri 60 ko 90. Inda hoton yake da duhu sai bakin ya nitse, layin ya yi faɗi. Inda yake da haske sai ya ɗago, layin ya sirance. Ke nan babu fuskar da ake zanawa, faɗin layuka da sirantarsu ne ke haɗuwa a ido su zama mutum.

Katako na farko ya lalace. Kuncin dama ya yi baƙi ƙirin, na hagu kuwa ya ɓace. Matashin ya ɗora wa manhajar laifi, ya kwana yana sauya lambobi. Da safe mahaifinsa, wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba, ya shafa katakon da tafin hannu, ya ɗora rula a kai, sai ga haske yana ratsawa ta ƙarƙashinta.

"Yaro, katakon nan ya gantsare. Injinka ya san haka?"

"A'a Baba, shi yana ɗauka ko'ina daidai yake."

Nan matsalar take. Zurfin yankan gaba ɗaya bai wuce milimita 1 ba. Idan gefe guda ya ɗara ɗaya gefen da rabin milimita, to rabin inuwar hoton ta tafi. Maganin shi ne a ɗaure katako sosai, a sa na'urar ta fere fuskarsa ta daidaita, sannan a sake saita inda tsini ke taɓa katako, domin daga nan ake ƙidaya zurfi.

Katako ɗaya ya rage, don haka sai ya koma gwaji a kan guntaye, yana sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, yana rubutawa. Guntu na farko ya fito da ɓurɓushi a bakin layuka. Dalili kuwa katakon mai laushi ne, tsinin kuma ya dakushe. Ya sa sabon baki, ya karkata layukan don kada su bi jijiyar itacen. Na biyu ya yi dishi-dishi, domin layuka sun hau juna. Baki mai digiri 60 idan ya nitse milimita 1 yakan buɗa faɗin kusan milimita 1.15, saboda haka tazarar layuka ba za ta gaza hakan ba. A na uku sai yankan ya riƙa ƙara zurfi a hankali, ashe maƙallin bakin ne bai ɗauru ba, yana zamewa.

Ya kuma gyara hoton kansa. Ya cire bango da labulen da ke bayan shugaban, ya ƙara bambancin haske da duhu. Kafin yanka ya shafa wa katakon folish ya bushe, don in an zuba baƙin fenti ya zauna cikin layuka kawai, a goge na sama. Da yake aikin na ɗaukar sa'o'i, sai ya rubuta wurin da bakin ya fara, ya kuma tayar da janareto, don kada a ɗauke wuta na'urar ta manta inda take.

Da aka gama, ya duba kusa bai ga komai ba sai layuka, gabansa ya faɗi. Mahaifin ya jingina katakon a bango, ya ce masa ya ja da baya taku biyar. Daga can sai ga shugaban makaranta da hularsa da gilashinsa. Irin wannan aiki daga nesa ake kallon sa.

Malamin da zai koyar da sana'a, ko ma karatu, yana da abin lura a nan. Idan aiki ya ɓaci, a fara duba abin da hannu ke iya taɓawa, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a kuma rubuta sakamakon. Ɗalibin da ya saba da haka zai iya gano matsala ko da malaminsa ba ya kusa.