Kwana tara a Filinge tare da masu jinya



A watan Satumba da ya wuce na rufe ajin karatun manya na garinmu, na yi kwana tara a Filinge. Jinya ta kai ni. Abin da na gani can shi nake so in gaya muku.

Ƙanena ya tafi ci-rani Abijan tun bara. Ya bar matarsa da yara uku. Ƙaramin mai wata 20 ya kamu da zawo da masassara. Uwar tana da ɗan maɗaurin nan na awon damtse wanda aka raba wa mata, mai launi uku: tsanwa, rawaya da ja. Wata safiya ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa, ta ce: "Yaya, awo ya faɗa ja." Na duba, ja ne. Ƙafafun yaro kuma sun kumbura.

Muka kai shi likita ta kusa da mu, wajen Cikal. Majo ya ba shi abincin tamowa na gujiya, wanda ake kira Plumpy'Nut, don ya ga ko zai ci. Yaro ya kau da kai. Majo ya ce wannan ta fi ƙarfin gida, ya rubuta mana takarda zuwa babbar asibitin Filinge.

Nan hankalina ya rabu biyu. Hatsi ya nuna, tsuntsaye sun sauka, gonar ƙanena ba ta da namiji sai ni. Amma mace ɗaya ba ta iya riƙon yaro, ta nemi ruwa, ta yi dahuwa a garin da ba ta san kowa ba. Inna ta ce: "Tafi, ɗana. Bar mini sauran biyun." Na tafi.

Mun fita da amalanken jaki tun kafin asuba. Tun da aka hana hawan moto a wasu sassan jihar Tilaberi a 2020 saboda rashin tsaro, mutane da yawa sun koma ga jaki. Da gari ya waye muna cikin Dallol Boso. Kwari ne mai faɗi, ƙasarsa rairayi, ga itatuwan gawo, ga gonakin hatsi da wake hagu da dama. Can gaba duwatsu sun yi katanga, Filinge tana zaune a gindinsu. Ita ce babban garin ƙasar Kurfai. Daga nan hanyar kwalta ta bi ta Bankuku da Baleyara zuwa Yamai, kamar kilomita 180. Arewa da gari kuma akwai Tukunus, inda gwamnati take kiwon shanun Azawak.

Abin da na fara gani a asibiti shi ne masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa. Kowane majinyaci yana da mutum ɗaya ko biyu. Sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itace. Ga murhu, ga tukunya, ga buta, ga ƙullin gari. Akwai Kurfayawa, akwai Zabarmawan Damana, akwai Buzayen Bankuku, akwai Fulani. Yare bai hana zumunci ba. Wadda ta rasa itace, maƙwabciyarta ta ba ta wuta. Wanda zai shiga gari, ana riƙe masa majinyacinsa.

Kusa da tabarmata akwai wani Bafillace mai jinyar babansa. Ya bar shanu hannun yaro ɗan shekara 12. Kullum da marece sai ya tsaya bakin ƙofa yana kallon arewa. Amma in tsoho ya yi tari, kafin ka ƙifta ido yana kansa. Shi yake juya shi, shi yake wanke shi, shi yake kiran ma'aikaci da dare.

An kwantar da yaronmu a ɗakin masu tamowa. Uwa tana kwana tare da ɗanta. Ma'aikata suna auna madara ta musamman, amma uwa ce take ba shi, da ƙoƙo, kaɗan kaɗan, bayan kowace awa uku, dare da rana. An koya mata wanke hannu da sabuni kafin ta taɓa abincinsa. An koya mata ta rungume shi a jikinta don kada sanyi ya kama shi. An ce in ya yi amai, ko numfashinsa ya sake, ta yi kira nan da nan. Wata ma'aikaciya ta ce mini: "Malam, mu muna zagayawa ne. Idon uwa shi ne ba ya tashi daga kan yaro."

Ni kuwa aikina ɗebo ruwa, sayen itace, da tashinta in lokacin madara ya yi. Dare na uku barci ya sace ta tana zaune. Na karɓi ƙoƙon na ba yaro da hannuna. Ranar na san nauyin da mata suke ɗauka ba su faɗi.

Sa mutanen gida cikin aikin lafiya ya daɗe a ƙasarmu. Dattawa suna tuna sakuris da ungozoma na zamanin Seyni Kunce, masu akwatin magani a ƙauye. Daga 2001, zamanin Tanja Mamadu, aka gina ƙananan ɗakunan likita a karkara. A 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta ne. A 2013 aka fara rabon maganin rigakafin masassarar sauro da damina, ga yara daga wata uku zuwa shekara biyar. Ranar farko mai rabo yake bayarwa, rana ta biyu da ta uku uwa ce take bayarwa a gida. Awon damtse kuwa, an gwada shi hannun uwaye a ƙasar Mirya ta Damagaram a 2013 da 2014, aka ga awonsu bai kasa na ma'aikata ba. Ja yana nufin damtse bai kai milimita 115 ba. A 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin ganin likita, haihuwa ta zama kyauta.

Duk da haka akwai abin da likita ba ta ɗauke wa mai jinya. Ba ta biya masa kuɗin hanya. Ba ta tsare masa gona ko garke. Ba ta riƙe masa yaran da ya bari. Na ga wata mata ta nemi a sallame ta tun ɗanta bai warke ba, don babu mai daka wa sauran fura. Wannan aikin namu ne, mu mutanen gida.

Ran kwana na tara yaro ya karɓi abincin gujiya ya ci, kumburi ya saɓe. Aka sallame mu, aka ce mu riƙa zuwa likita ta kusa kowane mako. An rubuta ranar komawa a takarda. Matar ƙanena tana ajina tun bara. Ita ta karanta ranar da kanta.

Da muka iso gida na zarce gona, gabana yana faɗuwa. Na tarar da dammuna a jere. Ɗalibaina sun yi gayya sun yanke hatsin.

To, ƴan'uwa, ga shawarata. In maƙwabci ya tafi jinya, a duba masa gona da dabbobi. Kada maigida ya bar mace ita kaɗai a asibiti. Kowane gari ya aje asusu don kuɗin hanya. Abincin tamowa magani ne, kada a raba shi da sauran yara, kada a kai shi kasuwa. Kuma a bar mata su zo karatu, don su karanta takardar likita da kansu.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri. Amin.