Daga El Duniya Zuwa Titin Gidan Zoo: Ina Sinimar Kano Ta Kwana?

Duk baƙon da ya sauka Kano da sunan shi masoyin finafinan Hausa ne, akwai tambayar da ba ya rasa yi wa mai Adaidaita Sahun da ya ɗauko shi daga tasha: "Malam, don Allah ina ake kallon sabon fim a garin nan?" In direban matashi ne, sai ya fara lissafo masa tashoshin YouTube kafin ma ya tuna da wani abu wai shi sinima. In kuwa dattijo ne mai furfura a gemu, to murmushi zai fara yi, sannan ya shiga jero sunaye kamar mai karanta sunayen abokansa da suka riga mu gidan gaskiya: Plaza, Orion, Wapa, Eldorado, Marhaba.

Amsoshin nan biyu duk gaskiya ne, kuma tsakaninsu ne labarin yake. Wanda ke son ya gane dalilin da ya sa a yau ake wahalar samun sabon fim ɗin da ya cancanci a biya kuɗin tikiti a kalle shi, sai ya ɗaure ya zagaya garin, unguwa bayan unguwa.

SABON GARI DA JAKARA

Zagayen daga Sabon Gari zai fara, domin a nan aka soma. Kafin zuwan sinimar kuɗi, abin da mutanen Arewa suka sani shi ne majigi, wato motar gwamnatin Turawa da ke yawo gari-gari tana haska finafinan wayar da kai kyauta a ƙofar fada. Sinimar da ake yankar tikiti kuwa 'yan kasuwa ne Kwarori suka kawo ta, kuma a 1937 aka buɗe Rex a Sabon Gari, can bayan ganuwa, nesa da idon malamai da iyayen yara.

A wannan yanki ne kuma aka yi babban tashin hankalin da tsofaffin Kano ba su manta ba. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu. Da yawa a cikin gari suka ce ai ishara ce, wanda ya je gidan shashanci ga abin da zai tarar. Tun daga ranar sunan sinima ya ƙara ɓaci a bakin Bakano.

Daga nan sai baƙo ya shiga cikin birni, ya gangara Jakara kusa da Kasuwar Kurmi. A nan aka gina Palace a farkon shekarun 1950, ita ce sinimar da ta yi ƙarfin halin tsallaka ganuwa ta shigo cikin gari. Ba ta ji da daɗi ba. Da yake ba ta da rufi, samarin unguwa daga waje suke antayo duwatsu kan masu kallo. Ta dai yi ta lallaɓawa har zuwa 1983, lokacin da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe ta ya mai da ginin asibiti, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: a Kano, sinima ba ta taɓa zama 'yar gida ba. Kullum a bakin ƙofa take tsaye tana neman iso.

FAGGE DA ƘOFAR WAMBAI

In aka fito ta Fagge, sai a tarar da Wapa. Yau in ka ce wa yaro Wapa, 'yan canji zai nuna maka, masu Dala da Riyal da Sefa, bai ma san sunan sinima ce unguwar ta gada ba. A Faggen nan Plaza take, ga Orion a Ƙofar Wambai. Waɗannan su ne makarantun da iyayenmu maza suka koyi kallo. Yawancin dararen mako na Indiya ne, sai a ɗan tsarma na Chana ko na Amurka. Ba fassara, ba komai, amma mutum zai kalli fim sau biyar har ya haddace waƙoƙinsa. Jaruman ma sai da aka raɗa musu sunayen gida: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Sai dai fa kallon na maza ne. Macen da aka gani a layin tikiti ta gama zubar da mutuncinta a unguwa. Wannan shi ne sirrin da ya sa fim ɗin Hausa, da ya tashi haihuwa, bai faɗo a sinima ba, a ɗakin matan aure ya faɗo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da 'Turmin Danya' a 1990 a kaset ɗin bidiyo, kuma kaset yana shiga inda majigi ba ya shiga. Kafin a ankara, zamanin 'Sangaya' da 'Wasila' ya zo, aka wayi gari babu gidan da ba a rera waƙar fim.

Kasuwar wannan harka a Bata ta fara, ta bunƙasa a Ƙofar Wambai. Yadda ake yi shi ne, furodusa ya buga kwalayen fim ɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da kaset na asali, su kuma su yi ta kwafa suna zurawa a kwali. Kuɗin kwalin da aka sayar shi ne rabon furodusa. A wancan lokaci sinima ta zama wurin gwaji: a fara haska sabon fim a Kano da sauran garuruwa, a ɗan tara wani abu, a ji ihun 'yan kallo, sannan a sake shi kasuwa. Ihun nan shi ne alƙali na farko. In aka yi tsit a inda darakta ya sa ran dariya, to kowa ya san an yi asara.

A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim na wani ɗan lokaci, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, da sharuɗɗa kan gidajen kallo, ciki har da raba maza da mata. Tsofaffin sinimomin, waɗanda dama bidiyo ya riga ya janye musu jama'a, suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

FARM CENTRE

Daga Ƙofar Wambai sai a ja zuwa Farm Centre, inda Marhaba ta yi tashe. Abin da unguwar ta yi suna da shi yanzu shi ne kasuwar wayoyin hannu. Kai, in mutum ya tsaya ya yi tunani sai abin ya ba shi dariya, ya kuma ba shi tausayi: a inda ake cika fili ana kallon bango guda, nan ake sayar da ɗan gilashin da ya kashe kallon taron. Wayar nan ce ta haifi 'yan tura-tura, masu zuba wa mutum finafinai goma a memori da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Su suka ƙarasa kasuwar faifan CD, furodusoshi da dama suka tattara suka koma wata sana'ar. Ga kuma Indiya-Hausa da aka fassara, wadda ta kwashe samarin da suka rage.

TITIN GIDAN ZOO

Zangon ƙarshe shi ne titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim da situdiyoyin waƙa suka yi sansani. A kan titin nan aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014, sai kamfanin Filmhouse ya buɗe sinima a ciki a 2015. Wannan karon abin ya sha bamban: ga rufi, ga sanyin na'ura, ga kujera mai laushi, ga gugguru. Mafi muhimmanci, ga mata. Magidanci ya ɗauko iyalinsa ranar Sallah, 'yan mata su zo da ƙawayensu da rana tsaka, babu mai yi musu kallon banza. Abin da Palace ta nema ta rasa, kanti ya samar da shi cikin ruwan sanyi.

Masana'antar da satar fasaha ta durƙusar sai ta ga ƙofa ta buɗe. A 2017 Ali Nuhu ya kawo 'Mansoor', labarin saurayin da ya bazama neman sanin asalinsa, da sababbin fuskoki irin su Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, aka yi ta tururuwa. A shekarar ce Rahama Sadau ta fito da 'Rariya', wanda Yaseen Auwal ya ba da umarni. A 2019 'Hauwa Kulu' ya taɓo matsalar fyaɗe, abin da da yawa ke tsoron taɓawa. A farkon 2020 aka sha dariya da 'Mati A Zazzau', inda Sadiq Sani Sadiq ya dawo da Matinsa na 'Mati Da Lado'. Waɗannan duk finafinai ne da wanda ya biya kuɗinsa bai fito yana cizon yatsa ba.

Ana cikin haka korona ta zo a 2020, aka rufe gidajen sinima na tsawon watanni. A shekarar ce 'Izzar So' ya ɓarke a YouTube, 'Labarina' na Aminu Saira ya kama gidaje ta Arewa24. Furodusoshi suka yi lissafi: me zai sa in zuba miliyoyi a fim guda, in jira Sallah, in raba kuɗin tikiti da mai sinima, alhali zan iya sakin mai dogon zango duk mako? Ko da aka buɗe, sunan Platinum ya shigo bakin 'yan kallo, an kuma haska finafinai a can, amma ruwa ya riga ya canza hanya.

TO WANNE YA CANCANCI KALLO?

Wannan ce tambayar baƙon tun daga tasha, kuma zagayen ya ba shi ma'auni uku.

Na farko, sauti da hoto. Waya tana rufa wa darakta asiri, babban allo kuwa tona shi yake yi. Muryar da ba ta hau kan baki ba, hasken da ya ƙone fuskar jaruma, gemun da aka liƙa da gam, duk a fili suke. Misalin aikin da aka yi domin allo shi ne 'The Milkmaid' na 2020, wanda Desmond Ovbiagele ya ɗauka a Jihar Taraba, yawancinsa da Hausa, ya ci kyautar gwarzon fim a gasar AMAA, Maryam Booth ma ta samu tata kyautar. Haka 'Mai Martaba' na 2024, na darakta Prince Daniel, da aka ɗauka a Daura, kan rigimar gadon sarautar wata masarauta mai suna Jallaba, da Adam A. Zango a ciki. Dukkansu biyu Nijeriya ta tura su neman shiga gasar Oscar. Irin waɗannan, kallonsu a waya cin zarafinsu ne.

Na biyu, labari ya ƙare. Tun zamanin kaset aka saba wa mutane da "mu haɗu a kashi na biyu". A gida ana iya haƙuri, amma wanda ya biya kuɗin mota, ya biya tikiti, ya sayi lemo, haƙƙinsa ne a sallame shi da cikakken labari. Fim ɗin da aka yanko daga mai dogon zango aka liƙa masa fosta, wannan ba fim ɗin sinima ba ne.

Na uku, kada fosta ta ruɗe ka. Tarin manyan jarumai goma a jikin takarda ba shi ne fim ba, wani fitowa biyu zai yi ya ɓace. A duba sunan darakta da marubuci, a tuna aikinsu na baya. In da hali, a bar ranar farko ta wuce, a tambayi wanda ya shiga. Tsohon alƙalin nan na zamanin Marhaba, wato bakin 'yan kallo, har gobe bai taɓa karɓar cin hanci ba.

Amma fa akwai nauyi a wuyan masu kallo su ma. In fim mai kyau ya zo aka ce "bari ya fito a waya", to an gaya wa furodusa kada ya sake yin irinsa. Sinimar Kano ta sha gobara, ta sha jifa, ta sha kwaɗo, ba ta mutu ba. Abin da zai iya kashe ta shi ne kujerun da babu kowa a kai. Saboda haka duk ranar da aka ji an kafa fostar fim ɗin da ya cika sharuɗɗan nan uku, a yi wanka, a kira abokai, a je a yanki tikiti. Allah ya sa mu ga alheri.